Abu Biyu A Wuyan Kare: Bokitin Roba Da Wutar Lantarki

A tsakiyar daminar da ta wuce na kai ziyara gidan wani tsohon abokin karatuna a Haɗeja. Ma'aikacin gwamnati ne da ya gina gidansa a bayan gari, inda gidaje ke da tazara, kuma kamar yadda da yawa daga cikin 'yan bokonmu suka koma yi tun da sha'anin tsaro ya taɓarɓare, ya sayi kare, irin manyan nan na Jamus da ake gani a hannun 'yan sanda. Tun daga bakin ƙofa na tarar da yaran unguwa sun yi cincirindo suna leƙe ta kafar get, suna ta kyakkyata dariya. Da na shiga sai na ga dalili. Ga ƙaton kare a kwance ƙarƙashin darbejiya, kansa cikin bokitin roba da aka fafe wa gindi aka ɗaure masa a wuya, ya yi zuru kamar wanda aka kama da kayan sata.

Maigidan ya ba ni labari. Iskar hadari ce ta yaye kwanon rufin ɗakin kaji, karen ya bi ta kai da gudu, kwanon ya tsarge masa cinya. Malamin dabbobi ya zo ya yi ɗinki, kafin gari ya waye kare ya tsinke zaren da haƙori ya mai da aiki ɗanye. Da aka sake ɗinkewa sai malamin ya ce, "Yallaɓai, in ba so kake mu yi ta yi har kaka ba, a samo min bokiti da wuƙa." Muna cikin wannan hira sai abokin nawa ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan kwali, ya ce ƙaninsa ne ya aiko masa daga Abuja. Ciki akwai wani abin wuya mai ƙusoshi biyu na ƙarfe da ɗan rimot. Ya ce, "Wannan kuma na ladabi ne. Da ya warke zan ɗaura masa, in ya yi haushin banza in danna, wuta ta ja shi."

Mai karatu, ga abubuwa biyu a gida ɗaya, dukansu na wuyan dabba ɗaya, kuma a kasuwannin intanet a shafi ɗaya ake jera su. Wanda yara ke yi wa dariya, mai kama da wulaƙanci, shi ne na jinƙai. Wanda kuma ya zo cikin kwali mai sheƙi da takardar bayani, shi ne ya dame ni har na ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da bokitin. Abin da malamin nan ya yi kwaikwayo ne na wani kayan aiki da likitocin dabbobi suka daɗe da sani, wato roba mai siffar mazurari da ake zura wa kare ko kyanwa a wuya, bakinta ya zarce hancin dabbar kaɗan, ta yadda ba za ta iya kai baki ga jikinta ba, ba za ta kuma iya kai ƙafa ga ido ko kunne ba. Turawa sun laƙaba masa sunan Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, wadda ta mulki Ingila daga 1558 zuwa 1603, saboda ya yi kama da faffaɗar kwalar nan mai tattara da manyan zamaninta ke sawa a wuya. Wani Ba'amurke mai suna Frank L. Johnson ya nemi rajistar mallakar fasahar a 1959, aka ba shi a 1962. Tun daga nan ba abin da ya canza sosai a siffarsa, sai dai an samu na yadi mai taushi, da wanda ake hura wa iska kamar tayar keke.

Akwai wata magana da ta zauna a bakin mutanenmu, wai harshen kare maganinsa ne, a bar shi ya lashi mikinsa zai warke. Maganar tana da ɗan gindi, domin lasar farko takan share ƙasa da datti daga ƙaramin ƙwarzane. To amma kare bai san ya isa ba. Miki in ya fara haɗewa ƙaiƙayi yake yi, shi kuwa kare ba abin da ya sani game da ƙaiƙayi sai lasa da cizo. Harshensa kaushi ne da shi, yana goge sabon naman da ke tsirowa, yana jiƙa wurin da ake so ya bushe, bakinsa kuma cike yake da ƙwayoyin cuta. Ɗinki na bukatar kwana 10 zuwa 14 kafin a cire zare, kare kuwa minti kaɗan ya ishe shi ya warware shi. Idan aikin ciki aka yi, alal misali karyar da aka cire wa mahaifa, warware ɗinkin kan iya zama ajalinta.

A ƙasa irin ta Haɗeja lamarin ya fi haka nauyi. Duk wanda ya zauna a wannan kwari, daga Auyo zuwa Kirikasamma har Guri, ya san abin da damina ke kawowa idan kogi ya cika ya malala cikin fadamu: laima, da sauro, da ƙuda iri-iri. Buɗaɗɗen miki a irin wannan lokaci gayyatar ƙuda ne, ƙuda kuma ya yi ƙwai, kwana kaɗan sai tsutsa. Akwai ma wani ƙuda da ke yin ƙwai a ƙasar da dabba ke kwanciya, musamman inda fitsari ya jiƙa, tsutsar ta huda fata ta zauna ciki kamar maruru, kuma 'yan kwikwiyo ta fi addaba. Ga kuma ƙudan da ke cin bakin kunnen kare har ya yi jini, shi kuma ya yi ta sosa da ƙafa yana ƙara yaga wurin. A nan ne za ka ga mai kare ya ɗebo baƙin mai na mota ya shafa, ko ya barbaɗa garin maganin ƙwari na gona a kan ɗanyen nama. Kare ya juya ya lashe, sai a wayi gari yana dalalar da miyau yana karkarwa, a ce ai sammu ne ko hauka. Da an wanke mikin da ruwan gishiri mai tsabta, an sa maganin da malamin dabbobi ya bayar, an kuma hana bakin kaiwa wurin, da ba a kai ga haka ba.

Kada a ɗauka cewa mazurarin daɗi ne da shi. A 2020 masu bincike a Jami'ar Sidni ta ƙasar Ostireliya sun wallafa sakamakon tambayoyin da suka yi wa mutum 434 da dabbobinsu suka sa shi, fiye da kashi 77 cikin ɗari suka ce rayuwar dabbar ta ƙuntata a kwanakin: shan ruwa ya yi wuya, wasa ya gagara, ga karo da bango da ƙofa. Wannan a ƙasar da kare ke kwana a ɗaki mai sanyi ke nan. A Haɗeja, inda zafin bazara kan haura digiri 40, kare kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, bokiti mai zurfi a kai cikin rana tsaka zai iya zama masa tanda. Saboda haka akwai ƙa'ida. A ajiye shi a inuwa. A bar sararin yatsu biyu tsakanin wuya da maɗauri. A goge bakin robar ko a naɗe shi da tsumma don kada ya yanke shi. A ba shi ruwa a kwano mai ƙaramin baki da mazurarin zai iya rufawa a kai, ko a ɗaga kwanon bisa bulo. In za a cire don ya ci abinci, a tsaya a kansa har ya gama. Kada kuma a sake shi ya fita gari da shi, domin ba ya ganin gefensa, ba zai iya kare kansa daga wasu karnuka ba, yana kuma iya maƙalewa a shinge. Duk wannan ƙunci na mako biyu ne, yana da ranar ƙarewa, amfaninsa kuma ga dabbar yake komawa.

A haƙiƙanin gaskiya wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu, robar ce kawai sabuwa. Bahaushe da Bafulatani sun daɗe suna ɗaura wa dabba abin da zai shiga tsakaninta da abin da take so. Manomi kan saƙa wa shanun huɗa takunkumi don kada su ci shuka suna cikin aiki. Jaki na da dabaibayi, raƙumi na da akala, doki na da ragama, akuya mai kutsa shinge kuma akan rataya mata sanda a wuya ta yadda kafar ba za ta ɗauke ta ba. Masu jinyar dawaki a ƙasashe da dama suna jera sanduna su ɗaure su kewaye da wuyan doki don kada ya lanƙwasa ya ciji mikinsa, wanda shi ne mazurarin doki. Duk waɗannan tsarewa suke yi. Amma a cikin kayanmu na gado akwai wanda aikinsa ciwo ne, kuma Haɗeja, garin dawaki da mahaya tun zamanin Sarki Buhari, ta san shi sarai. Ina nufin linzami mai kaifi. Ranar hawan salla, idan aka zo jafi, doki ya taho a sukwane a tsayar da shi cak a gaban sarki, jama'a su yi ta sowa. Wanda ya matsa kusa kuwa wani lokaci zai ga kumfar bakin dokin ta yi ja. Tsofaffin barada sun san cewa gwanin mahayi da ƙyar yake taɓa linzami, ɗan koyo ne ke rataya a kansa. Ashe tun kafin lantarki mun san kayan da ke aiki da zafi, mun kuma san cewa sharrinsa ya danganta da hannun da ke riƙe da shi.

To, abin da ke cikin kwalin abokina linzami ne mai kaifi da ake ja daga nesa. Ƙusoshin nan biyu suna zama a kan fatar maƙogwaro, akwai batir a jiki, idan aka danna rimot sai wuta ta ratsa tsakaninsu. Ana iya ƙara ƙarfinta ko a rage. Wani irin ba ya bukatar rimot, da kansa yake jin haushi ya saki wuta. Wani kuma ana binne waya ne kewaye da gida, kare na matsawa kusa da iyaka ya ji ƙara, in ya ci gaba wuta ta ja shi. A Amurka aka fara yaɗa shi a shekarun 1960, don mafarautan da karnukansu ke nisa su bi abin da ba a aike su ba. Masu sayarwa za su ce maka na yanzu ba kamar na da ba ne, ɗan tsikari ne kawai, karen bana shi ke maganin zomon bana. Sai dai tambaya ɗaya ta ishe su: in ba ya damun kare, me zai sa kare ya bar abin da yake yi saboda shi?

Masana sun auna wannan abu, ba sau ɗaya ba. Gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyin wani bincike a Jami'ar Linkon da aka wallafa a 2014. An ɗauki karnuka 63 masu matsalar ƙin amsa kira da bin tumaki, aka kasa su uku. Kashi ɗaya aka horar da su da wuta, a hannun ƙwararrun da kamfanonin da ke ƙera kayan suka zaɓo da kansu, sauran kuma ba wuta, wasunsu da lada kawai, wato ɗan nama da yabo idan kare ya yi daidai. Da aka gama, na wuta ba su fi sauran jin magana ba, sai dai sun fi nuna alamun ɗari-ɗari. Da aka sake nazarin hotunan horon a 2020, sai aka ga waɗanda aka koyar da lada sun ma fi saurin amsa kira. A lura, wannan a hannun gwanaye ke nan.

Binciken da ya fi ba ni haske shi ne na Jami'ar Likitancin Dabbobi ta Hanoba a Jamus, na 2007. Karnuka 14 aka yi amfani da su, ana auna sinadarin kotisol da jiki ke fitarwa lokacin firgici. Waɗanda wuta ke ja a daidai lokacin da suka taɓa abin farautar da aka ajiye musu, sun gane dalili, suka kauce masa, firgicinsu bai tashi sosai ba. Waɗanda kuwa ake ja ba tare da sun iya danganta zafin da wani aiki nasu ba, su ne sinadarin ya yi wa tashin gwauron zabo. Wato babbar azabar tana cikin rashin sanin dalili da rashin sanin mafita. Kare ba ya tunanin jiya. Abin da ke gabansa a daƙiƙar da zafi ya zo, shi yake ɗora wa laifi. Wani nazari da aka yi a Holan a 2004 kan karnukan gadi ya nuna cewa waɗanda aka horar da wuta sukan nuna tsoro ko a wajen filin horo muddin mai horon na kusa, domin sun haɗa shi da zafin.

Yanzu mu dawo bakin get ɗin abokina, mu tambayi kanmu wa kare ke gani idan yana haushi. Almajiri ne da ƙoƙonsa. Yarinya ce mai tallar gyaɗa. Mai ruwa ne da kurarsa, ko yaran maƙwabta da ƙwallonsu ta faɗo. Kare ya ga yaro, ya yi haushi, wuta ta ja shi a maƙogwaro. Yau haka, gobe haka. Maigida na ganin yana koya masa yin shiru, alhali abin da kare zai iya koya shi ne duk lokacin da ƙaramin yaro ya bayyana, azaba na tafe. Mai yiwuwa ya daina haushin, ya daina gurnani, maigida ya yi murna. Amma haushi da gurnani su ne gargaɗin kare, su ne ke ce wa yaro ja da baya. An cire gargaɗin, an bar tsoron, an ma ƙara shi. Ranar da aka manta get a buɗe, karen da ba ya gargaɗi shi ne ke cizo ba sallama, yaro kuma saboda gajartarsa a fuska da wuya ake samunsa.

Ƙari a kan haka, wa zai riƙe rimot ɗin? Maigida na ofis daga safe zuwa la'asar, wani lokaci yana Dutse ko Kano kwana da kwanaki. Rimot na hannun yaron gida ko maigadi, wanda galibi tsoron karen yake ji, ko kuma ya faɗa hannun 'ya'yan gidan su mai da shi abin wasa. Takardar bayanin da Turanci take ko da Sinanci. Masu ƙera irin waɗannan kaya da kansu sukan yi kashedin kada a bar shi a wuya fiye da awa 12 a yini, saboda ƙusoshin na danne fata har ta ruɓe. A gidajenmu kuwa abin da aka ɗaura wa kare a wuya sai ranar da ya tsinke. Sai ka ga abin da aka saya don ladabi ya haifar da gyambo biyu a maƙogwaro, a cikin damina, a garin ƙuda, a koma neman bokiti.

Ƙasashe da dama sun riga sun yanke hukunci. Wata babbar kotun tarayya a Jamus ta tabbatar da haramcinsa a 2006. Yankin Wales na Birtaniya ya hana a 2010, kuma a 2011 kotu ta ci wani mutum tarar fam 2,000 saboda an sami karensa da shi. Holan ta hana daga farkon 2022. Ingila ta yi shelar niyyar hanawa a 2018, ta fitar da daftarin doka a 2023 da nufin ya fara aiki ranar 1 ga Fabrairun 2024, ranar ta zo ta wuce ba a zartar ba, saboda masu goyon bayan kayan, ciki har da wasu makiyayan tumaki, suna da bakin magana. A Amurka kuwa ana sayar da shi a kanti. Mu a nan, dokar Final Kod ta Arewa ta daɗe da tanadin hukunci ga mai azabtar da dabbar gida, sai dai kowa ya san ba kasafai ake jin an gurfanar da wani a kan jakin da aka yi wa lodi fiye da kima ba, balle kare.

Adalci ya sa in faɗi inda masu kare wannan na'ura ke da hujja. A ƙasar Niyu Zilan ana amfani da ita wajen koya wa karnukan farauta ƙyamar tsuntsun kiwi, wanda ba ya tashi sama, karnuka kuma na neman ƙarar da shi. A can ƙwararre ne ke yi, na ɗan lokaci, a kan abu ɗaya tak da kare zai iya ganewa ya kauce masa. Haka nan kamfanoni irin su Nofence na Norwe da Halter na Niyu Zilan suna ƙera wa shanu abin wuya mai aiki da tauraron ɗan'adam: makiyayi ya zana iyakar makiyaya a wayarsa, saniya ta kusanci iyaka ta ji sauti, in ta juya shi ke nan, in ta ci gaba ta ji ɗan jan wuta, cikin kwanaki sai ta koyi juyawa da jin sautin kawai. Na san wani mai karatu zai ce ga maganin rikicin manoma da makiyaya da ke cin rayuka a Guri da Kirikasamma. Ina ma a ce haka ne. Saniyar Norwe tana juyawa ne saboda akwai ciyawa a bayanta. Inda aka nome burtali, kachala ta toshe hanyoyin ruwa, fadamar da ake kiwo ta koma gonar shinkafa, saniya ta juya ta tafi ina? Amma ko a waɗannan misalai, abin da ya sa na'urar ke aiki shi ne gargaɗi kafin zafi, da ƙa'idar da ba ta canzawa, da hanyar tsira a buɗe. Ba ko ɗaya daga cikin ukun a hannun yaron gida mai jin haushin kare.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke tsallake gwanayen da ke gabanmu. Ƙasar Haɗeja ƙasar mafarauta ce. Idan kaka ta yi aka kawar da amfanin gona, za ka gan su a kan hanya da gora da adda da garken karnukan gida, siraran nan masu jan gashi da ba wanda zai saya da tsada. Na taɓa zama da wani dattijo daga cikinsu a wani ƙauye da ke hanyar Baturiya, na ga ya yi fito sau ɗaya karnuka biyar sun taso, ya daka tsawa sun tsaya. Na ce, "Baba, da me ake koya musu wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, da hanji. Tun yana kwikwiyo hannuna yake ci. In ya kamo zomo ya kawo, kayan ciki nasa ne. Wanda ka doka a gida, a daji zai bar ka." Ban ce duk mafarauta haka suke ba, akwai masu yanke wa kare kunne da wuƙa ba maganin kashe zafi, akwai masu barinsa da yunwa wai don ya yi zafin nema. Amma wannan dattijo, da bai taɓa jin sunan Jami'ar Linkon ba, ya riga ta isa inda ta isa. Malaman fiƙihu ma da suka yi bayanin karen farautar da ya halatta a ci abin da ya kamo, sun siffanta horarre da cewa shi ne wanda in an tura shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya, kuma an yi ƙarnoni ana samun irinsa ba batir.

Karen abokina kuwa, da na zauna na lura, haushinsa ba na banza ba ne. An haifi irinsa don ya yini yana zagaya garken tumaki a ƙasa mai sanyi. A nan yana ɗaure da sarƙa mai tsawon taku uku tun asuba har bayan isha'i, ba mai fita da shi, ba mai yi masa magana, kaska cike da kunnuwansa, yara na jifansa ta saman katanga. Mutum ma aka yi masa haka zai yi ihu. Maganin wannan a fili yake: a fita da shi da sassafe ko da yamma ya taka ƙasa, a matsar da turkensa daga inda yake hango get, a toshe kafar da yara ke leƙe, a cire masa kaska, mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci yana kiran sunansa, a saka masa duk lokacin da aka ce ya yi shiru ya yi. Yana cin lokaci, ko shakka babu. Na'urar kuma abin da take sayarwa ke nan, alkawarin cewa za ka iya mallakar kare ba tare da ka ba shi lokacinka ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda kuma ba shi da rabin awa a yini don karensa, gara ya ƙara tsawon katanga ya ɗauki maigadi.

Akwai kuma abin da ya fi bokiti da rimot gaggawa, wanda ban ji abokina ya ambata ba sai da na tambaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin ɗari daga kare suke ɗauka, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi haƙuri. Amma idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, cutar na daina yawo a tsakaninsu. Allurar ba daga nesa take ba, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana yin ta. Wanda kare ya ciza kuma, abu na farko shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar don allurar rigakafi, ko da mikin ƙarami ne, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa. A ƙauyukan fadama, inda damina kan yanke hanya sai da kwalekwale, kowace awa tana da daraja. A wasu ƙasashe akan rataya wa karen da aka yi wa allura 'yar alama a wuya, ko a ɗaura masa kwala mai launi, don duk wanda ya gan shi ya sani. In da za a tambaye ni abin da ya kamata ofisoshin dabbobi na ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja su sa a wuyan karnukanmu, na gida da na farauta, wannan zan ce.

Bayan mako uku na sake bi ta gidan. An cire zare a kwana na 12, cinya ta haɗe, gashi ya fara rufe tabon. Bokitin na rataye a ƙusa a bayan ɗakin kaji, uwargida ta ce a bar shi, wata rana kyanwarta ko wani karen zai bukaci irinsa. Kwalin Abuja na nan bisa firji ba a buɗe ledar batir ɗin ba. Abokina bai ce na rinjaye shi ba, ya dai ce yana tunani, kuma yana jin nauyin ƙaninsa da ya kashe kuɗi. Na ce ya nuna min takardar allurar karen. Ya daɗe yana bincike a cikin durowa, ya fito da wata 'yar takarda da mai sayar da karen ya haɗo masa da ita, kwanan watan da ke jiki ya haura shekara uku. Ranar Litinin da safe muka shimfiɗa buhu a bayan motarsa, muka ɗora karen, muka nufi asibitin dabbobi.